Bindiga da Umarnin Kariya a Amurka: Abin da Shari'ar Rahimi ta Warware da Abin da ta Bari

A ranar 21 ga watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci, a shari'ar wani mai suna Zackey Rahimi, cewa gwamnati na da ikon hana mutum riƙe bindiga idan kotu ta tabbatar yana barazana ga lafiyar matarsa ko uwar 'ya'yansa, har ta umarce shi ya nisance ta. Alƙalai 8 suka amince, 1 ya ƙi. Wanda ya ji labarin daga nesa zai iya tambaya: dama akwai gardama a kan wannan? Akwai, kuma babba. Wata 16 kafin nan, wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke kula da jihohin Texas da Louisiana da Mississippi ta soke dokar da ta ba gwamnati wannan iko, tana cewa ta saɓa wa kundin tsarin mulki.

Kotun Ƙoli ta dawo da dokar, amma a kan ƙuntatacciyar hujja. Ma'aunin da ya janyo aka soke ta tun farko yana nan daram, haka kuma tambayar wanda zai je gidan mutum ya karɓe bindigar, wadda hukuncin bai ko taɓa ba.

## Yadda bindiga ta zama haƙƙi

A Najeriya, ƙarƙashin dokar makamai ta 1959, mai son bindiga shi ke neman lasisi, hukuma kuma na iya ba shi ko ta hana. A Amurka lamarin a juye yake. Gyara na Biyu da aka yi wa kundin tsarin mulkin ƙasar a 1791 ya ce, a jumla ɗaya, da yake ƙasa mai 'yanci na buƙatar tsararriyar rundunar sa-kai domin tsaronta, ba za a tauye haƙƙin jama'a na mallaka da ɗaukar makamai ba. Saboda haka gwamnati ce ke da nauyin kare kanta duk lokacin da ta hana wani.

An daɗe ana jayayya kan ma'anar jumlar. Wasu masana shari'a sun ce magana ce ta rundunar sa-kai ta jihohi, wasu sun ce haƙƙin kowane mutum ne a karan kansa. Sai a 2008, a shari'ar Heller, Kotun Ƙoli ta raba gardama da rinjayen alƙalai 5 a kan 4: mutum na da haƙƙin ajiye ƙaramar bindiga a gidansa domin kare kai, ko yana cikin runduna ko ba ya ciki. Mai Shari'a Antonin Scalia, wanda ya rubuta hukuncin, ya ƙara da cewa haƙƙin yana da iyaka, kuma hukuncin bai taɓa tsoffin dokokin da suka hana masu manyan laifuka da masu taɓin hankali riƙe makami ba. A 2010, a shari'ar McDonald, aka ce wannan haƙƙi ya hau kan jihohi da birane ma, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba.

Girman abin da ake magana a kai ya fito a alƙaluma. Cibiyar Small Arms Survey da ke Geneva ta ƙiyasta a rahotonta na 2018 cewa akwai bindigogi kusan miliyan 393 a hannun farar hula a Amurka, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. A 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar harbi, fiye da rabinsu kuma su suka kashe kansu.

## Mene ne umarnin kariya

Umarnin kariya takarda ce da alƙali ke bayarwa idan wani, galibi mace, ya kai kuka cewa abokin zamansa na dukansa, ko bin sawunsa, ko yi masa barazana. Takardar na hana wanda ake ƙara kusantar gida ko wurin aikin mai ƙara, ko kiranta, ko aika mata saƙo. Kotunan jihohi ne ke bayarwa, kuma ba shari'ar laifi ba ce: ba a ɗaure kowa a kanta, ba a buƙatar hujjar da ta kawar da duk wata tantama. A yawancin jihohi ya isa alƙali ya ga hujjar mai ƙara ta rinjayi ta wanda ake ƙara.

Mataki biyu ake bi. Da farko alƙali na iya ba da umarnin gaggawa na 'yan kwanaki ko makonni bayan ya saurari mai ƙara ita kaɗai. Daga nan a aika wa wanda ake ƙara sammaci, a zauna da ɓangarorin biyu, a ba da cikakken umarni, wanda kan ɗauki shekara ɗaya ko biyu a jihohi da yawa.

A 1994 Majalisar Dokokin Amurka ta haɗa wannan takarda da batun bindiga. Dokar ta ce laifi ne ga wanda ke ƙarƙashin irin wannan umarni ya riƙe bindiga ko harsashi, amma sai an cika sharuɗɗa. Dole a sanar da shi zaman kotun, a ba shi damar kare kansa. Dole umarnin ya shafi matarsa, ko tsohuwar matarsa, ko wadda suka haihu tare, ko wadda suke zaune ko suka taɓa zama gida ɗaya ko da ba aure, ko kuma 'ya'yansu. Sannan dole a samu ɗayan abu biyu: ko alƙali ya rubuta cewa mutumin barazana ce ta haƙiƙa ga lafiyarsu, ko umarnin ya fito fili ya hana shi amfani da ƙarfi a kansu. Wannan "ɗayan biyu" yana da muhimmanci, za a ga dalili a gaba. Haramcin na ƙarewa da ƙarewar wa'adin umarnin. Wanda ya karya na iya shan ɗaurin shekara 15, bayan da aka ƙara daga 10 a 2022.

Akwai wata doka ta daban da ake yawan cakuɗawa da wannan. Ita ce ta 1996 wadda Sanata Frank Lautenberg na New Jersey ya kawo, ta hana bindiga ga duk wanda kotu ta samu da laifin dukan iyalinsa, ko da ƙaramin laifi ne a idon doka. Wannan ta biyo bayan hukuncin laifi, waccan kuwa tana aiki tun kafin a kai ga hukunci. A nan gardamar ta samo tushe.

Dalilin da ya sa 'yan majalisa ba su jira hukuncin laifi ba shi ne lokaci. Masu aiki da matan da ake cin zarafinsu sun daɗe da lura cewa haɗari ya fi tsanani a daidai lokacin da mace ta yanke shawarar fita, lokacin da takan nemi umarnin kariya ke nan. Wani bincike da Farfesa Jacquelyn Campbell ta jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta a birane 11, aka buga a 2003, ya gano cewa idan mai cin zarafin yana da hanyar samun bindiga, yiwuwar ya kashe matar na ninkawa kusan sau 5. Shari'ar laifi kuwa na iya ɗaukar watanni ko shekaru, sau da yawa ma matar kan janye.

## Mutumin da aka gwada dokar a kansa

Zackey Rahimi mazaunin Arlington ne a jihar Texas. A watan Disambar 2019 ya yi faɗa da budurwarsa, uwar ɗansa, a wani wurin ajiye motoci. Ya ja ta zuwa motarsa ya tura ta ciki har ta buge kai. Da ya lura wani yana kallonsu sai ya ɗauko bindiga, ita kuma ta samu ta gudu, ya yi harbi. Daga baya ya kira ta ya ce zai harbe ta idan ta kai ƙara. Ta kai. A watan Fabrairun 2020 wata kotun jiha ta ba ta umarnin kariya na shekara 2, da amincewarsa, aka rubuta a ciki cewa ya ci zarafinta kuma akwai alamar zai sake.

Bai daina ba. Ya je gidanta cikin dare, daga baya aka tuhume shi da yi wa wata matar barazana da bindiga. Tsakanin Disambar 2020 da Janairun 2021 'yan sanda suka danganta shi da harbe-harbe 5, ciki har da harbin gidan wani da ya saya ƙwaya a wurinsa, da harbin motar da suka yi karo da ita, da harbi sama a wani gidan abinci saboda katin kuɗin abokinsa ya ƙi aiki. Da aka binciki gidansa aka samu ƙaramar bindiga da doguwa da harsasai, tare da kwafin umarnin kotun. Ya amsa laifi, aka yanke masa wata 73.

Ya ɗaukaka ƙara yana cewa dokar 1994 ta tauye masa haƙƙinsa na Gyara na Biyu. A farkon Yunin 2022 kotun ɗaukaka ƙara ta yi watsi da kukansa. Makonni kaɗan bayan nan aka canza ma'aunin da ake auna irin waɗannan dokoki, kotun ta janye hukuncinta ta sake zama.

## Ma'aunin tarihi

Kafin 2022, idan aka ƙalubalanci dokar bindiga, alƙalai kan tambayi abu biyu: shin dokar ta taɓa haƙƙin? In ta taɓa, amfanin da take yi wa tsaron jama'a ya kai a jure tauyewar? A nan ne ake kawo alƙaluman mace-mace da binciken masana. Da wannan ma'auni kotuna suka tabbatar da yawancin dokokin da aka kai gabansu.

A ranar 23 ga Yunin 2022, a shari'ar Bruen, Kotun Ƙoli ta soke wata dokar New York mai fiye da shekara 100 da ke buƙatar mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi izinin yawo da bindiga. Alƙalai 6 suka rinjayi 3. Mai Shari'a Clarence Thomas ya rubuta cewa daga yanzu ba aikin alƙali ba ne ya auna amfani da illa. Dole gwamnati ta nuna cewa dokarta ta yi daidai da al'adar dokokin makamai da ƙasar ta gada a tarihi. Masu goyon bayan wannan ma'auni na cewa haƙƙin da alƙali zai iya ajiyewa gefe duk lokacin da ya ga maslaha bai cika haƙƙi ba, kuma tarihi na ɗaure hannun alƙali kada ya bi son ransa.

Inda gizo ke saƙar shi ne, tarihin da ake komawa gare shi bai ɗauki dukan mace a gidan aure da nauyin da ake ɗaukarsa yau ba. A 1791 matar aure ba ta da cikakken matsayi na kanta a gaban doka, dukiyarta da shari'arta na ƙarƙashin mijinta. Har a 1868 babbar kotun North Carolina ta ƙi hukunta wani da ya yi wa matarsa bulala, tana cewa kotu ba za ta tsoma baki a harkar cikin gida ba. Mata ba su samu haƙƙin jefa ƙuri'a a faɗin ƙasar ba sai 1920. Neman dokar wancan zamani da ta ƙwace bindigar miji saboda kukan matarsa neman abin da babu ne. Dokokin ƙwace makamai da aka samu a wancan lokaci da yawansu sun faɗa ne kan bayi, da 'yan asalin ƙasar, da waɗanda suka ƙi yin mubaya'a ga sabuwar gwamnati. Lauyoyin gwamnati sun kafa hujja da irinsu a ƙananan kotuna, abin da ya sa gwamnati ke kare dokar kare mata da dokokin da ita kanta ba za ta iya yabawa ba.

Alƙalan ƙananan kotuna sun shiga ruɗani. Mai Shari'a Carlton Reeves na Mississippi ya fito fili ya rubuta a 2022 cewa shi da 'yan uwansa alƙalai ba masana tarihi ba ne. Doka ɗaya sai ta tsira a wannan kotu ta faɗi a waccan. Cikin wannan yanayi ne, a watan Fabrairun 2023, kotun ɗaukaka ƙara ta ce Rahimi ba mutumin kirki ba ne, amma yana cikin "jama'a" da kundin ya ambata, kuma ba ta ga dokar da ta yi kama da ta 1994 a tarihin ƙasar ba.

## Yadda Kotun Ƙoli ta fita daga tarkon

An saurari ƙarar a ranar 7 ga Nuwambar 2023. Alƙalin Alƙalai John Roberts ya tambayi lauyan Rahimi ko yana tantama cewa wanda yake karewa mutum ne mai haɗari. Da lauyan ya nemi a fayyace abin da ake nufi da haɗari, Roberts ya ce wanda ke harbin mutane dai, a fara daga nan. Tun ranar aka gane inda kotun ta karkata.

A hukuncinsa Roberts ya ce wasu kotuna sun yi wa Bruen mummunar fahimta. Ba a ce sai an samo tsohuwar doka mai kama da sabuwa sak ba. Abin nema shi ne ko sabuwar ta bi ƙa'idar da ke ƙarƙashin tsoffin, ta fuskar dalilin tauyewar da kuma yadda aka tauye. Ya kawo dokoki iri biyu. Na farko dokokin lamuni: idan aka kai kukan cewa wani na shirin ta da fitina, alƙali na iya sa shi ya ajiye kuɗi ko ya kawo mai tsaya masa, kamar yadda ake beli, in ya kasa a tsare shi. Mata na iya neman wannan a kan mazansu, har Roberts ya ba da misalin matar wani alƙali da ta yi hakan a 1790. Na biyu dokokin da suka samo asali daga Ingila tun 1328, masu hukunta wanda ke yawo da makami yana firgita jama'a, ta hanyar ɗauri da ƙwace makamin. Idan aka haɗa biyun, in ji shi, ƙa'ida ta fito: wanda kotu ta samu yana barazana ga lafiyar wani ana iya raba shi da makami na wani lokaci. Tun da an yarda a ɗaure irin wannan mutum a da, karɓe bindigarsa na ɗan lokaci ya fi sauƙi.

Thomas, wanda ya kafa ma'aunin, shi kaɗai ya ƙi. Hujjarsa tana da ƙarfi a kan nata tsarin: dokar lamuni ba ta taɓa karɓe bindigar kowa ba, kuɗi kawai ake ajiyewa, ɗaya dokar kuma ba ta aiki sai bayan cikakkiyar shari'ar laifi. A ganinsa ba daidai ba ne a ɗauki dalili daga wannan doka, a ɗauki hukunci daga waccan, a ɗinke su a ce an samu tarihi. Ya ce jihohi na da hanyar da ba ta da gardama: su gurfanar da mutum kan laifin kai hari da makami, wanda a Texas kan kai ɗaurin shekara 20.

Alƙalai 5 daga cikin masu rinjaye sun rubuta nasu bayanin daban, abin da ya nuna amincewar ba ta kai zuci ɗaya ba. Sonia Sotomayor, tare da Elena Kagan, ta ce har yanzu tana ganin Bruen kuskure ne. Ketanji Brown Jackson ta ce ruɗanin ƙananan kotuna wataƙila laifin Kotun Ƙoli ne. Amy Coney Barrett ta ce kuskure ne a ɗauka cewa duk abin da 'yan majalisar farko ba su haramta ba to ba su da ikon haramta shi ne. Neil Gorsuch ya jaddada cewa Rahimi ya nemi a soke dokar gaba ɗaya ne, wanda shi ne mafi wuyar nema, don haka ƙofa a buɗe take ga wanda zai ce dokar ta zalunce shi a nasa yanayin.

Abu biyu kotun ta ƙi yi. Ba ta karɓi hujjar gwamnati cewa ana iya hana bindiga ga duk wanda ba "mai sanin ya kamata" ba ne, ta ce kalmar ta yi faɗi. Kuma ta tsaya kan umarnin da alƙali ya rubuta a ciki cewa mutumin barazana ne. Ɗaya sharaɗin, inda umarni ya hana amfani da ƙarfi kawai ba tare da an tabbatar da barazana ba, ba ta ce komai a kansa ba.

## Hujjojin da ba na tarihi ba

A wajen kotu, masu adawa da dokar ba sa kare dukan mata. Kukansu na kan hanyar da ake bi. Mai Shari'a James Ho na kotun ɗaukaka ƙara ya rubuta cewa ana amfani da umarnin kariya a matsayin makami a rikicin saki da riƙon 'ya'ya, kuma alƙali ba shi da abin da zai rasa idan ya bayar, amma sunansa zai ɓaci idan ya hana wani abu ya faru. Wanda ake ƙara ba shi da haƙƙin a ba shi lauya kyauta kamar a shari'ar laifi, zaman kuma kan zama gajere. Wasu lauyoyin da ke kare marasa galihu sun goyi bayan wannan kuka, suna cewa talakawa da baƙar fata ne suka fi faɗawa tarkon. Akwai kuma inda alƙali kan ba da umarni a kan miji da mata duka biyun, sai ya zama an raba wadda ake duka da abin kare kanta. Masu wannan ra'ayi kan tuna da wata mata a New Jersey da tsohon saurayinta ya daɓa wa wuƙa har lahira a 2015, tana da umarnin kariya a hannu, tana jiran izinin sayen bindiga.

Ɗaya ɓangaren na amsawa cewa dokar tarayya ba ta aiki sai an saurari mutum, haramcin na wucin gadi ne, kuma ana iya ɗaukaka ƙara. Idan alƙali ya yi kuskure ya karɓe bindiga, ana mayarwa. Idan ya yi kuskure ya bari, ba a mayar da rai. Jiran hukuncin laifi, a wurinsu, ihu ne bayan hari. Batun shafa wa mutum kashin kaji yana faruwa, amma maganinsa gyara yadda ake sauraron ƙara ne a kotunan jihohi, kuma ana iya yin hakan dokar na tsaye. Wannan kukan na adalcin sauraro bai samu amsa a shari'ar Rahimi ba, domin shi bai kawo shi ba.

## Tsakanin takarda da aiki

Dokar tarayya ta ce kada mutum ya riƙe bindiga. Ba ta faɗi wanda zai karɓe wadda ke gidansa ba, kuma tun hukuncin shari'ar Printz na 1997 gwamnatin tarayya ba ta da ikon tilasta wa 'yan sandan jihohi aiwatar mata da tsarinta. Rahimi kansa ya yi kusan shekara guda da bindigoginsa bayan umarnin. Inda dokar ta fi tasiri shi ne wurin saye: tun 1998 dillali mai lasisi kan tura sunan mai saye hukumar FBI ta duba rumbun bayananta kafin ciniki. Amma dokar tarayya ba ta wajabta wannan bincike a cinikin mutum da mutum ba, kuma idan kwana 3 na aiki suka wuce ba amsa, dillali na iya sayarwa.

Rumbun ma sai abin da aka zuba masa. Mutumin da ya kashe mutum 26 a wani coci a Sutherland Springs ta Texas a 2017, kotun soja ta taɓa samunsa da laifin dukan matarsa da ɗanta. Rundunar sojin sama ba ta aika da bayanin ba, ya sayi bindigoginsa a shago ba tare da cikas ba.

Ita kanta takardar ba ta tilasta wa 'yan sanda zuwa. A 1999 wata mata a Castle Rock ta jihar Colorado ta yi ta kiran 'yan sanda bayan mijin da suka rabu ya ɗauke 'ya'yansu mata 3, alhali akwai umarnin kariya. Ba su ɗauki mataki ba. Ya kashe yaran, ya kuma zo ofishin 'yan sandan yana harbi da bindigar da ya saya a yammacin ranar. A 2005 Kotun Ƙoli, da rinjayen 7 a kan 2, ta ce matar ba ta da haƙƙi a kundin tsarin mulki na lallai a aiwatar mata da umarnin.

Saboda haka kariyar da mace ke samu ta dogara ga jihar da take zaune. California na buƙatar a miƙa bindiga ko da a kan umarnin gaggawa, tana kuma da jami'an da ke bin waɗanda suka yi rajistar makami daga baya aka haramta musu. Ƙaramar hukumar King da ke jihar Washington ta kafa sashe na musamman domin wannan aiki a 2018. Wasu jihohin ba su da irin wannan tsari ko kaɗan. Wani bincike da aka buga a mujallar Annals of Internal Medicine a 2017, wanda ya duba shekarun 1991 zuwa 2015, ya gano cewa jihohin da ke tilasta miƙa bindigar sun samu ƙarancin kisan abokan zama da bindiga da kashi 14 cikin 100, alhali haramci ba tare da tilasta miƙawa ba bai nuna bambanci mai ƙarfi ba. Irin wannan bincike na nuna alaƙa ne, bai tabbatar da sanadi ɗari bisa ɗari ba, amma ya nuna inda nauyin yake.

Giɓi biyu sun rage a dokar tarayyar kanta. Ba ta shafi umarnin gaggawa ba, wato kwanakin farko da suka fi haɗari. Ba ta kuma shafi saurayin da ba su taɓa zama tare ko haihuwa da budurwar ba. Dokar da Shugaba Joe Biden ya sa wa hannu a Yunin 2022, bayan kisan yara 19 da malamai 2 a wata makaranta a garin Uvalde na jihar Texas, ta shigar da samari cikin haramcin masu hukuncin laifi, amma ba ta taɓa ɓangaren umarnin kariya ba. Jihohi sama da 20 sun yi wata doka ta daban da ke ba 'yan sanda, a wasu wuraren har da dangi, damar neman kotu ta karɓe bindigar wanda ake tsoron zai cutar da kansa ko wani. Connecticut ce ta fara a 1999. Oklahoma kuwa a 2020 ta yi dokar hana irin wannan tsari a faɗin jihar.

## Tsugune ba ta ƙare ba

Tun da kotun ta jingina hukuncinta kan haɗarin da aka tabbatar da kuma wucin gadi, masu ƙalubalantar sauran dokoki sun samu mafaka. Bryan Range na Pennsylvania ya rasa haƙƙin bindiga har abada saboda ƙaryar da ya yi a takardar neman tallafin abinci a 1995. A Disambar 2024, bayan hukuncin Rahimi, kotun ɗaukaka ƙara ta yankinsa ta sake ba shi gaskiya, alhali wata kotun a wani yankin ta ce haramcin na kan duk mai babban laifi ba tare da duba mutum ɗaya-ɗaya ba. A Oktoban 2025 Kotun Ƙoli ta karɓi ƙara kan dokar da ta hana masu shan miyagun ƙwayoyi riƙe bindiga.

Ga baƙi mazauna Amurka, ciki har da 'yan Afirka ta Yamma da ke zaune a birane irin su New York da Houston, lamarin ya wuce bindiga. Mai takardar zama na dindindin na iya mallakar bindiga, mai bizar ziyara ko karatu kuwa an hana shi sai da 'yan togaciya, wanda ba shi da takardu an hana shi gaba ɗaya. Laifin bindiga, da laifin dukan iyali, da karya umarnin kariya, kowannensu na iya zama dalilin korar wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da takardar zama. Mutum kan sa hannu a umarnin kariya don a rufe magana cikin sauri, bai san daga ranar harsashi ɗaya a aljihun motarsa laifin tarayya ne ba. Matar da zamanta a ƙasar ya rataya a wuyan mijin da ke dukanta kuwa, wata dokar 1994 mai kare mata daga cin zarafi ta ba ta damar neman takardar zama da kanta ba tare da saninsa ba, idan shi ɗan ƙasa ne ko mai takardar dindindin. Idan za ta nemi umarnin kariya, abin da ya fi tsayawa a gaban kotu bayan hukuncin 2024 shi ne alƙali ya rubuta ƙarara cewa mijin barazana ce ga lafiyarta, ya kuma faɗi ranar da za a miƙa bindigar da wanda za a miƙa wa.